Ƙorafin Majinyaciyar da Aka Yi wa Tiyata Tana Farke

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Hukumar Gudanarwa,
Babban Asibiti.

Ta hannun:
Sakataren Kwamitin Sauraron Ƙorafin Marasa Lafiya.

Daga:
Majinyaciya mai kati lamba 40/7716,
Sashen Tiyata na Mata.

Litinin, 9 ga Yuni, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: NEMAN DIYYA DA ƊAUKIN GAGGAWA SABODA SAKACIN DA AKA YI WAJEN SA NI BARCI A TIYATAR RANAR 4 GA MARIS

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da wannan ƙorafi a rubuce ne saboda na gabatar da shi da baki har sau biyu ba a ɗauka ba. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku. Sana'ata ɗauko wa jarida rahoton shari'a daga kotu, inda aka koya mini in raba abin da na ji da kunnena da abin da nake zato. Haka zan yi a nan. Inda ban sani ba, zan ce ban sani ba.

1. Ranar Talata, 4 ga Maris, aka yi mini tiyata a wannan asibiti don a cire wani ƙari da ya fito a jikin hanjina. Ana gobe tiyatar likitan sa barci ya zo bakin gadona, ya duba bakina da maƙogwarona, ya tambayi magungunan da nake sha. Ya bayyana mini cewa abu biyu za a ba ni: iskar da za ta riƙe ni cikin barci har a gama, da allurar da za ta saki jikina gaba ɗaya don kada in motsa. Da ya ga ina tsoro ya yi dariya ya ce, "Hajiya, sai dai ki farka kina tambayar mu yaushe za a fara." Na yarda da shi. Na sa hannu a takarda.

2. Allurar ta yi aikinta har ƙarshe. Iskar ce ta yanke. Na farka a tsakiyar aiki, cikina a buɗe. Ban san ko ƙarfe nawa ba ne, ban kuma ga fuskar kowa ba, domin an manne mini ido da filasta. Akwai bututu a maƙogwarona, inji yana yi mini numfashi. Na ji hannu a cikin cikina yana jawowa yana ajiyewa. Na ji yanka. Na ji ƙaurin nama lokacin da ake ƙona jijiya don tsayar da jini, na kuma gane naman nawa ne. Na tattara duk ƙarfina a kan ɗan yatsan ƙafa ɗaya in motsa shi, ya ƙi. Na gwada harshe, na gwada gira. Ba zan kwatanta zafin ba, domin na gwada rubuta shi ban samu kalmar da ta kai ba. Na yi kalmar shahada a zuci, na ɗauka ranar ce.

3. Kunnena kuwa ras yake. Ga abin da na ji, a jere yadda ya zo.

Likitan da ke fiɗar yana tsokanar wata nas da suke kira Amarya. Ya ce, "Amarya, da gaske ne angon naki sai ya taka kujera yake kunna fanka?" Ta ce, "Likita, ka ji da hanjin mutane, ka bar mini mijina." Aka yi dariya. Wani namiji daga wajen ƙafata ya shiga ba da labarin bakaniken da ya riƙe masa mota, ya ce kullum ya je sai a ce masa saura ƙusa ɗaya.

Can sai nas ɗin ta ce, "Likita, hawaye fa take yi." Ya ce, "Ido yakan yi ruwa, goge mata." Na ji auduga a kumatuna. Wani inji a saitin kaina ya yi ta ƙara. Likitan ya ce, "Jininta yana hawa. Ina Sarkin Barci?" Haka suke kiran likitan sa barci. Aka ce yana ɗaya ɗakin, an kawo mai naƙuda da ba ta iya jira. Ya ce a kira shi. Aka ci gaba da aiki a kaina kafin ya zo.

Da ya shigo na ji takunsa ya tsaya a wajen kaina. Ya ce, "Innalillahi. Kwalbar iskar ta ƙare. Wa ya duba ta da safe?" Ba wanda ya amsa. Ya sake cewa, "Tun yaushe take haka?" Sai ya rage murya ya ce, "Bari in ba ta abin da zai sa ta manta." Bayan haka ban sake jin komai ba.

Ranka ya daɗe, ban manta ba.

4. Ranar da aka cire mini bututu na iya magana, na faɗa wa babbar nas ta ɗakinmu. Ta gyara mini filo ta ce in gode wa Allah an yi aiki lafiya. Na roƙa a kira mini wadda ake ce wa Amarya. Ta zo da yamma da fara'arta. Ban taɓa ganin ta ba kafin nan. Na maimaita mata zancen fanka da amsar da ta bayar. Ta dafa ƙarfen gadon ta ce, "Yaya, ki yafe mana," ta fita da sauri. Ba ta sake shigowa ɗakinmu ba har aka sallame ni.

Ranar Laraba, 16 ga Afrilu, ni da maigidana muka ga Mataimakin Darakta mai kula da aikin likitoci. Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka kawo mana ruwa. Ya ce maganin barci yakan kawo mafarki mai kama da gaske, wanda kuma aikinsa rubutu ne yakan fi kowa iya tsara mafarkinsa. Na ce to a tambayi mutanen da ke ɗakin ko an yi maganar da na faɗa. Ya ce zai duba. Na nemi kwafin bayanan da likitan sa barci ya rubuta a ranar, ya ce mallakar asibiti ne. Ya juya ga maigidana ya ce, "Malam, a riƙa lallashinta, a rage mata tunani." Har yau ba a kira mu ba.

5. Da abin ya tsaya a nan, wataƙila da na haɗiye. Bai tsaya ba. Gwajin tsokar da aka cire ya nuna ciwon daji ne, kuma akwai sauran da ba a kai gare shi ba. Likitan fiɗa ya ce dole a sake buɗewa, ya ce idan aka yi da wuri yana da kyakkyawan zato, amma kada a bari ya wuce ƙarshen watan Yuni. Aka sa mini ranar Talata, 13 ga Mayu.

Na zo da ƙafata. Na kwana ban ci ba kamar yadda aka ce, na sa rigar tiyata, aka ɗaura mini ruwa, aka turo ni a gado mai taya har ƙofar ɗakin. Na riga na roƙi likitan fiɗa a canza mai sa ni barci, ya ce zai yi magana. Ina kwance a bakin ƙofa sai na ji murya daga ciki ta ce, "A shigo da ta gaba." Muryar likitan sa barcin nan ce. Daga baya aka gaya mini ɗaya likitan sa barcin yana hutu, babu wani.

Ban san lokacin da na fizge allurar ruwan daga hannuna ba. A wajen ajiye motoci maigidana ya same ni, ba takalmi, jini yana bin hannuna, na riƙe bayan rigar da ɗaya hannun don kada in tsiraita. Masu jinya sun taru suna kallo. Ya cire babbar rigarsa ya rufe ni, ya durƙusa a gabana a bainar jama'a ya ce, "Maman yara, don girman Allah ki koma. Zan tsaya a ƙofa, ba inda za ni." Na ce masa ranar farko ma a ƙofar yake. Ya kai ni gida.

An rubuta a katina cewa na ƙi magani da kaina. Ina roƙon a gyara wannan. Ban ƙi magani ba. Babu abin da nake nema a duniya yanzu kamar a cire abin nan daga cikina.

6. Halin da nake ciki ke nan. Tun watan Maris ban kwanta rigingine ba, a kujerar falo nake barci, fitila a kunne. Idan ɗan autana ya zo ta baya ya rufe mini ido da hannu, wasan da muka saba, sai in yi ihu, yanzu yaron ya daina zuwa kusa da ni sai ya yi sallama daga nesa. Na koma aiki sau ɗaya. Da aka rufe ƙofar kotu aka ce kowa ya zauna shiru, na kasa, na fita alƙali yana magana. Editanmu ya ba ni hutu da rabin albashi, shi ma ya ƙare a watan jiya. Maigidana malamin makaranta ne, ya sayar da motarsa. Mahaifiyata ta tare a gidanmu tana yi mana girki. Takan ce, "'Yar nan, ki bar su da Allah." Na bar su da Allah, amma ciwon yana nan. Na rame har zoben aurena ya daina zama, kuma tun makon jiya abinci ya soma tsaya mini.

7. Don adalci, ba ina neman a wulaƙanta likitan sa barci ba ne. Abin da na ji ya nuna an bar mutum ɗaya da ɗakuna biyu a lokaci guda, ya tafi ceton wata mata da ɗanta. Ban san wanda ya kamata ya cika kwalbar ba. Ban san wanda ya tsara aikin ranar ba. Abin da na sani, an bar ni ba mai tsaron barcina, an ga hawayena an goge, an gano abin da ya faru an zaɓi a rufe. Na ukun nan ya fi ci mini rai, domin shi ne ya sa aka sake tura ni hannun da na roƙa a raba ni da shi.

8. Wani asibiti ya duba ni. Suna da na'urar da ake liƙa wa mutum a goshi tana nuna zurfin barcinsa, sun kuma yi alkawarin likitan sa barci ba zai bar kaina ba har a ɗinke. Likitar da ta gan ni ba ta ce mafarki na yi ba. Ta ce abin yana faruwa, ba kasafai ba, kuma yana da magani. A can ina jin zan iya kwanciya. Sun ba ni ranar Talata, 24 ga Yuni, bisa sharaɗin a kai musu cikakken fayil ɗina da kuɗin aikin kafin ranar 17. Fayil ɗin yana hannunku. Kuɗin ba mu da shi, kuma babu sauran wanda ba mu roƙa ba a dangi.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Hukuma:

(a) Ta saki fayil ɗina gaba ɗaya, har da bayanan sa barci na 4 ga Maris, ta kuma ɗauki nauyin tiyatar a wancan asibiti kafin ranar 17 ga wata. Ƙiyasin da suka bayar yana haɗe da wannan takarda.

(b) Ta biya ni diyyar azabar da na sha, da albashin da na rasa, da kuɗin ganin likitan ƙwaƙwalwa da aka ce ina buƙata. Wannan zai iya bin ƙa'idarsa, a yi shi a hankali. Na sama ne ba ya jira.

(c) Ta binciki abin da ya faru, ta tambayi kowa da ke ɗakin shi kaɗai, ta ba ni sakamakon a rubuce. Ina roƙon kada a taɓa aikin nas ɗin da na ambata. Ita kaɗai ce ta lura da ni ina kwance.

Sakataren kwamiti ya shaida mini cewa zama na gaba sai watan Agusta, kuma ba a fitar da kuɗi sai kwamiti ya zauna. Ya kuma ce Shugaba yana da ikon sa hannu a kan abin gaggawa kafin zama. Wannan ikon nake roƙo. Lauya ya ce in kai ƙara kotu. Na san kotu, na san tsawon lokacin da shari'a irin wannan take ɗauka, ba ni da shi.

Idan amsar a'a ce, ina roƙon a faɗa mini cikin makon nan, a sarari, kada a ce ana dubawa. Babbar 'yata tana rubuta jarrabawar fita sakandare, mun ɓoye mata sakamakon gwajin har ta gama. Ina so in san wace magana zan zaunar da ita in faɗa mata.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya sa a duba wannan takarda da idon rahama. Ina jiran amsa cikin biyayya da girmamawa.

Taku,

(sa hannu)
Majinyaciya mai kati lamba 40/7716.

Kwafi zuwa ga: Mataimakin Darakta mai kula da aikin likitoci, Shugaban Sashen Tiyata.