Laima da Tabon Yatsa

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da ƙannenmu duka. Yaya ƙafar? Mu ma lafiya lau, takwararki har ta fara tafiya tana bin bango.

Inna, albishirinki. Ofishin shige da fice sun kira mu ganawa a kan takardar zama ɗan ƙasa da ɗanki ya nema. Na san kin gaji da jin "an kusa". Ni ma duk lokacin da na tuna rasuwar Baba, yadda ɗanki ya zauna a bakin gado da jaka a ɗaure, lauya tana gaya masa in ya fita ƙasar ba lallai a bar shi ya dawo ba, sai zuciyata ta karye. Ni da aka haifa a nan ban taɓa sanin darajar wannan takarda ba sai a kansa.

Yanzu shagon askinsa ya koma makaranta. Duk wanda ya zauna a kujera sai ya yi wa ɗanki tambayar tarihin ƙasa irin ta ganawar kafin a ɗora masa almakashi. Wani tsohon direba ya ce ba zai ƙara aski ba sai an ba ɗanki takardar, ga shi nan gemu ya kai ƙirji.

Abin da ke damuna ɗaya ne. Kin san shi da kunya. Da ya ga mai kaki, yaren ƙasar nan sai ya gudu daga bakinsa. Ki sa mu a addu'a.

Surukarki.

Zuwa ga Inna,

Ina gaishe ki da kyau, na kuma gode da addu'a. Mun je ganawar, kuma ki gyara zama, don akwai labari.

Raba mu aka yi, kowa da ɗakinsa, don a tabbatar aurenmu na gaske ne. Jami'ar wata dattijuwa ce mai tabarau, ko murmushi ba ta yi. Ta tambaye ni launin labulenmu, da wanda ke yi wa yarinya wanka, da inda muka fara haɗuwa. Na ce a tashar mota, ana ruwan sama, ya miƙo mini laima.

Bayan ta gama da shi sai ta haɗa mu, ta rufe ƙofa, ta cire tabarau. Ta ce amsoshinmu sun saɓa. Ni na ce tasha, shi ya ce asibiti. Ta ce mu sani irin wannan kan sa a rufe maganar gaba ɗaya. Inna, na kalle shi na ce a raina shi ke nan, tsoro ya rikita shi.

Ashe ba haka ba ne. Ya miƙe tsaye, ya nuna mata tabon da ke yatsarsa. Ya ce watanni kafin ruwan nan reza ta yanke shi, ya je asibitin da nake aikin jinya, ni na ɗaure masa ciwon ina ta yi masa faɗa kan ya bar shi ya kumbura. Ya ce tun ranar ya kasa sukuni. Ya gano tashar da nake hawa mota, ya sayi laima, ya yi ta zuwa yana jiran ruwa ya sauko don ya sami dalilin yi mini magana. Duk wannan da yaren da yake tsoro ya faɗe shi, ko tuntuɓe bai yi ba.

Na manta inda nake na ce, "Kai ne mai yatsar nan? Shekara da shekaru ba ka gaya mini ba?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai kunya nake ji."

Jami'ar ta rufe baki da takarda, kafaɗunta na rawa. Da ta nutsu ta ce mu ƙarasa rigimarmu a gida, za mu ji daga gare su.

Har yau ban gama huce masa ba. Ke ma ki tambaye shi wa ya koya masa wannan wayo.

Surukarki.

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da farin ciki. Inna, an ba shi! Jiya ya yi rantsuwa.

Babban zaure ne cike da mutane daga ko'ina, kowa da ƙaramar tuta a hannu. Wata tsohuwa da ke kusa da ni tana kuka tun kafin a fara. Ɗanki ya sa rigar da kika aiko masa. Da aka kira shi ya karɓi takardar, abokan shago suka ɓarke da ihu har mai gadi ya harare su. Daga can shago muka wuce, ya aske gemun direban nan ana ta tafi.

Na ji saƙonki ta bakin Auta, cewa kina tsoron ko wannan rantsuwa na nufin ya rabu da gida. Ki kwantar da hankalinki. Da muka fito daga zauren muka shiga mota, sai ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka sosai, ya ce yanzu zai iya zuwa ya tsaya a kan kabarin Baba, ya kuma zauna kusa da ke ba tare da fargabar komawa ba. Da fasfo ya fito za mu taho, mu uku.

Ni ce ma ke fargaba yanzu, don ban taɓa durƙusawa a gabanki ba sai ta waya. In na yi wani kuskure ki yi mini uzuri, ki gyara mini.

Sai dai in gargaɗe ki tun da wuri, kada ki wuce shi a tasha kina waige-waige. Yaron da kika raka siriri ne mai suma. Wanda zan kawo miki yana da tumbi da sanƙo. Tumbin na yarda laifina ne. Sanƙon kuwa babu hannuna, jiran takarda ne ya cinye gashin.

Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Surukarki.