Sojojin da Baba Ya Binne a Bama

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji, a gida Najeriya.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, a gafarce ni da na dame ka, kuma a bainar jama'a. Ban saba ɗaga murya ba, dole ce ta sa. Sunana Hajara, a unguwar Utaibiyya ta Makka aka haife ni. Mahaifina, Malam Isa, ya yi yaƙin ƙasar Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya zo hajji ya zauna. Yanzu ya haura tasa'in.

Abu biyu ke tafe da ni. Na farko. Da yake shi ne mai ɗan karatu a cikin sojojin, shi ke sallatar wanda ya faɗi, ya sa shi a kabari. Duk ya fuskantar da su gabas, yadda ake yi a Kano. Ba wanda ya gaya musu cewa daga Bama alƙibla yamma take. Cikin waɗanda ya binne har da amininsa Sale, wanda harsashi ya samu yana goye da Baba da aka ji wa rauni.

Sai a Makka ya gane, ya haɗiye abin. Tun da ciwo ya kwantar da shi kuwa, ba shi da wani zance. Na ɗauko masa ɗalibai masu ilmi daga unguwar Mansur, suka ce ba laifi ga wanda bai sani ba. Ya ce ya ji, amma Sale har yau ya ba Ka'aba baya. Abinci sai da lallashi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ya ce in ajali ya zo kada mu juya shi alƙibla, kunya yake ji.

Na biyu. Mun ji an ce bayan yaƙi an kwaso gawarwakin an tara su a maƙabarta ɗaya. Na aiko muku tambaya ta hannun alhazai, bara da bana. Shiru. Duk shekara kuna taron tunawa da matattu, ga mai rai yana jiranku.

Ƙannena sun ce in gaya masa an gyara kawai. Wallahi ba zan iya yi masa ƙarya a bakin kabari ba.

Don Allah a bincika: an ɗauke Sale? Ina ya fuskanta? Ko amsar mai ɗaci ce, a ba mu.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka cika da imani. A taimaka a amsa da wuri, Baba ya fara daina gane mu.

Wassalam.
Hajara Isa, Makka.