Ina Tsoron Cire Abin da Malamina Ya Saka a Kwamfutocinmu

Anti Mubina, don girman Allah ki taimaka min. Kaina ya kulle, kuma kwana goma sha biyu suka rage min a wurin aiki in ban samo bakin zaren ba.

Ni ke kula da kwamfutoci ashirin da huɗu a wata makarantar koyon kwamfuta a Maitumbi, nan Minna. Tsofaffi ne, iri ɗaya, duk babbar manhajar Linux ke kansu. Wanda ya haɗa su malamina ne, Baba Tsado. Shi ya koya min aikin nan tun ban san inda ake kunna kwamfuta ba, shekara uku ina zaune a shagonsa na Shango. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi bara, shi da kansa ya kira mai makarantar, Hajiya Azumi, ya ce ta ba ni kujerarsa, wai hannuna hannunsa ne. Kin ji nauyin da ke kaina.

To ga matsalar. Akwai manhajar da ke sauko da sauran manhajoji tana sabunta su, mu dai manaja muke ce mata. Duk Alhamis nake sa ta aiki, a awa ɗayan da ke tsakanin tashin 'yan safe da zuwan 'yan yamma. Saukowar ko minti biyar ba ta ci. Layin da ke nuna saukowar a allo ya cika, ya rubuta ɗari bisa ɗari, sai kuma komai ya tsaya cak! Minti arba'in, wata rana awa da rabi. 'Yan yamma su zo su jeru a baranda suna fifita da littattafai, janareta na ta kuka a banza, ni kuma na zuba wa allo ido kamar mai jiran sakamakon asibiti. Abin da ya ce ya gama, me kuma yake jira?

Na ce data ce, na canza layin waya. Na ce na'urar intanet ce, na sa Hajiya ta sayo sabuwa, kunyar wannan har yau ban gama jin ta ba don ba abin da ya canza. Wallahi har zafin garin nan na zarga, na kwaso fankoki na jera musu. Makonni uku da suka wuce mai kula da janareta ya leƙo ya ce mai ya kusa ƙarewa. Na dubi allo, ɗari bisa ɗari. Na ce ai an gama, na bi su ɗaya bayan ɗaya na kashe. Washegari shida suka ƙi tashi, sai baƙin allo da wasu rubuce-rubuce. Kwana biyu na yi ina sake loda su daga farko, ayyukan da ɗalibai suka ajiye a ciki duk suka tafi. Hajiya ba ta yi faɗa ba, ni da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi zuwa ƙarshen wata, in abin bai gyaru ba za ta nemo wani.

Ƙawata Goodness, da ke irin aikina a Ketaren Gwari, ta zo ta duba. Ita ta nuna min cewa Baba ya maƙala wa manajar wasu ƙananan manhajoji har bakwai, filogin ake ce musu. Ɗaya tana adana kwafin yadda kwamfutar take kafin sabuntawa da bayanta, ni ban ga amfanin wannan ba. Ɗaya sai ta zagaye duniya neman inda saukowa ya fi sauri. Ɗaya ta tsohuwar firintarmu ce da ta mutu tun azumin bara. Sauran na karanta bayaninsu sau uku ban gane ba. Goodness ta ce in share su duka in huta, wai Baba mutumin da ne.

Anti, a wurinmu wanda ya koyi sana'a ba ya warware ɗinkin ubangidansa. Sau biyu ina zuwa gaishe shi da maganar a bakina, in ga yadda yake fama da cokali da hannun hagu, in haɗiye abata. In na tambaye shi, kamar na ce masa aikinsa ne ya lalace. In na share a ɓoye, na ci amanarsa, kuma in wani abu ya sake fashewa fa? In na bari, aiki ya tafi, sunansa kuma ya zube, shi da ya tsaya min. Ni ban ma sani ba ko filogin ɗin ne masu laifi, ko kwamfutocin ne suka tsufa, ko ni ce ban iya ba tun farko. Yaya zan yi?

Taki, Mai Neman Bakin Zare, Maitumbi

Ƙanwata, sha ruwa ki zauna, kin iya aikinki. Abu guda ne ba ki riga kin koya ba: ɗari bisa ɗarin nan na saukowa ne kawai. Kamar an sauke buhuna a ƙofar shago ne, saura a shigar a jera. Bayan saukowa kwamfuta tana girka kayan, sannan ta yi ayyukan ƙarshe. Ta sake jera bayananta, ta sake gina abin da take tashi da shi idan an kunna ta, kowace filogin kuma ta yi nata. A tsohuwar kwamfuta wannan ne ke cin lokaci, kuma a tsakiyarsa kika kashe su. Kada ki ƙara, komai gaggawar mai janareta.

Goodness tana da rabin gaskiya. Filogin ɗin firintar da ta mutu aikin banza take yi, mai neman wuri mafi sauri ma za ki iya rayuwa ba ita. Amma mai adana kwafin nan da kika raina, da kin san sirrinta, da alama kwamfutocinki shida sun dawo cikin 'yan mintuna ba tare da kin goge aikin kowa ba. Baba ya san wutar garinku, ya san mai yana ƙarewa, shi ya sa ya saka ta.

Alhamis mai zuwa ki daina zato, ki auna. Tunda kwamfutocin iri ɗaya ne, ware takwas. A bakwai ki kashe filogin ɗaya ɗaya, kowace kwamfuta da tata daban, kashewa na ce ba sharewa ba, ta takwas ki bar ta yadda take. Riƙe agogo da takarda, a rana ɗaya za ki ga wadda ke jan ƙafa. Sannan ki ɗauke sabuntawa daga tsakanin darussa, ki mai da ita ranar da ba ɗalibai, rukuni rukuni, da isasshen mai. Ki kai wa Hajiya takardar kafin wa'adin ya cika. Ba ta zalunce ki ba, ɗalibanta take karewa. In kuma awo ya nuna tsufan kwamfutocin ne, ki faɗa mata haka ƙarara.

Amma kafin Alhamis, ki hau keke napep ki je wurin Baba a Shango da sunayen bakwai ɗin nan a rubuce. Ladabinki abin yabo ne, sai dai kin juya shi baibai. Mutumin da ake layi a shagonsa ana neman ilimi, yau shekara guda ba abin da ake ce masa sai sannu da jiki. Ba tambaya ce za ta ci masa rai ba, daina tambayarsa ne. Ki zauna a ƙasa yadda kika saba, ki ce ya koya miki dalilin kowace ɗaya. Hannunsa ne ya shanye, ƙanwata, kansa yana nan.

Allah ya tashi kafaɗar Baba, ya tabbatar da ke a kujerar da ya ba ki.

Anti Mubina