Furen da Ka Shanye

Yaya Satti,

Na tafi Tangasi wurin Kawu Awad, motar farko zan bi. Ban tashe ka ba don ba na son ganin fuskarka.

Da safen nan na buɗe buhun furen namijin dabino da na ajiye a ɗakin Inna, sai na tarar da tsinke zalla. An kakkaɓe garin furen tas. Matarka Nafisa ce ta gaya mini, kanta a ƙasa. Wai sati biyu ke nan kana damawa da zuma kana sha, saboda wani mai magani a kasuwa ya ce yana sa haihuwa. Kai da ka yi jami'a! Ni da na gudu daga aji shida ma na san namijin dabino ɗaya ne a gonarmu, kuma sau ɗaya yake fure a shekara. Ni na hau shi, ƙaya ta yayyage mini hannu.

Matan dabinon sun fara buɗewa tun shekaranjiya. In ba a ɗaura musu fure cikin kwana uku ba, abin da za su yi bana ko akuya ba za ta ci ba. Ka kuma san tun jinyar Inna, dabinon nan da nono kaɗai cikinta ke karɓa.

Ban sani ba ko Kawu yana da sauran furen da zai ba mu. In Inna ta tambaya, kar ka tura mata Nafisa. Ka je da kanka ka gaya mata bishiya talatin ka hana haihuwa, kai ma har yanzu shiru.

Hamad