Farin Ƙyallen da Na Binne a Kurmin Tamawa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Ni ce Murja, autarki da ke Dutsin-Ma, wadda kike cewa boko ya ƙwace miki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. Na rubuta ta ne a fili inda kowa zai gani, saboda abin da ke cikina ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Inna, an sare kurmin. Gara in faɗa miki tun a nan, don ke ba ki son kewaye-kewaye. Ɗan kurmin nan na bayan gonarmu ta Tamawa, wanda ya bi bakin ƙorama, mai ƙirya da marke da kanya da ɗorawar nan guda biyu da kike tsintar kalwa a ƙarƙashinsu. Babu ko ɗaya a tsaye. Kuma da hannuna a ciki, ko da yake ban ɗaga gatari ba.

Kin tuna yadda kike hana mu share ganyen wurin? Maƙwabta su kwashe nasu su cinna wuta, ke kuwa ki ce a bar namu ya kwanta. In an yi ruwan farko sai ki sa mu gaba da ƙwarya, mu ɗebo baƙar ƙasar ƙarƙashin ganyen don kuɓewarki da yakuwa na bayan ɗaki. Na taɓa ɗaga wani ruɓaɓɓen reshe na ga fararen zaruruwa sun manne masa kamar saƙar gizo-gizo, na yar da shi ina ƙyama. Kika yi mini daƙuwa, kika ce, "Ƙasa ma ciki gare ta, ɗiyata. Sai ta ci take ba ka."

Yau ga ni a ɗakin gwajin ƙasa, abin da nake ci da shi ke nan, waɗannan zaruruwa da na yar. Funfuna ce, 'yar uwar wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, kuma ita ce ke tsiro da laimar kwaɗi. Tare da ita akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, ana ce musu bakteriya. Ba su da baki ba su da haƙori. Wani ruwa suke fitarwa ya narkar da ganye da itace, kamar yadda yawu ke fara aiki kan loma, sannan su sha, abin da ya rage ya zama abincin dawa da gero. Danginsu ne ke dafa miki kalwa ta zama daddawa in kin rufe ta da ganye. Hatta ƙamshin nan na ruwan farko da kike tsayawa a tsakar gida kina shaƙa, aikinsu ne. Suna son inuwa da laima da ganyen da zai faɗo musu kowace shekara.

Bayan rasuwarki gona ta koma hannun Yaya Sada, babban ɗanki. Kada ki ga laifinsa da yawa. Gonakin nesa sun gagara zuwa saboda rashin tsaro, ta kusa ta gaji, takin zamani ya zama sai wane da wane, ga iyali. Shanun Fulanin da ke kwana a gona bayan girbi sun daina zuwa. Karan dawa ma yanzu ba a barinsa, tumaki da murhu sun cinye. Sai ga masu gawayi sun fara yi masa sallama, idonsu a kan ƙirya. Na yi masa bayani har bakina ya gaji, cewa gefen gonar da ya jingina da kurmi ba a banza ya fi sauran kyau ba. Sai ya yi dariyar nan tasa irin ta Baba, ya ce, "Ke da ƙwarinki da ba a gani."

To, ai gani ya kori ji. A wurin aikinmu akwai wani gwaji mai sauƙi da ko yaro zai gane. A binne ƙyallen auduga zalla a ƙasa a farkon damina, a tono bayan 'yan makonni. In ƙasar na da rai za ta cinye shi, in ta mutu zai fito yadda aka sa shi. Na kira Yaya Sada a waya na ce zan zo in yi gwaji a gona. Yana kasuwar Kurfi cikin hayaniya, ya ce to, to, je ki yi. Ban ce masa ƙyalle ba ne, ban ce binnewa zan yi ba, shi kuma bai tambaya ba.

Auduga zalla mai araha a kasuwar Dutsin-Ma, alawayyo ne. Kin san abin da ake yi da alawayyo, da shi muka suturta ki. Wallahi, Inna, a ranar ko kusa abin bai zo mini a rai ba. Na yayyanka shi, na binne wasu a kurmi, wasu a tsakiyar gona, na kafa tsinke a kan kowanne. Don kada su rikice mini na rubuta sunan wuri a gefen kowane ƙyalle. Na kurmi na rubuta kurmi. Na gona kuwa na rubuta yadda kowa ke kiranta yanzu, gonar Sada. Na yi sauri na koma kafin la'asar, saboda hanya ba ta da tabbas in yamma ta yi.

A tsakanin nan san noman Yaya ya kumbura ya mutu, shi kuma zazzaɓi ya kwantar da shi. Da ya tashi ya fita maimai, sai fartanya ta jawo masa farin ƙyalle daga cikin ƙasa, irin na likkafani, da sunansa a jiki. Ki sa kanki a matsayinsa, Inna. Ni ma na sa, shi ya sa fushina ya kasa zama wuri ɗaya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ya bi tsinkayen ɗaya bayan ɗaya yana tonowa. Na gona sun fito cif, sai ɗan jan ƙasa da suka yi. Na kurmi kuwa ƙasa ta cinye su, sai 'yan zare-zare baƙaƙe da suka marmashe a hannunsa. Gwajina ya yi kyau fiye da yadda na zata, sai dai ba ni nan da zan ce masa ga ma'anarsa. Wani ya ce an ga Murja a wurin da fartanya. Liman Malam Abdu ya ce a kira ni a ji ta bakina tukuna, amma abokan Yaya suka kai shi wajen wani mai duba a wani ƙauye. Shi ya ce masa sammu ne aka yi don a raba shi da gadonsa, wanda ƙasa ta cinye ya riga ya kama, kuma ba abin da zai karya shi sai wuta a gindin itatuwan. Masu gawayi dama abin da suke jira ke nan.

Hassu matar Yaya ce ta kira ni tana kuka, a ɓoye, bayan aikin gama ya gama. Da na iso, tun daga bakin hanya na hango hayaƙi yana fita daga tudun ƙasar da masu gawayin suka rufe itacen da ita. Ba inuwar da zan tsaya. Na durƙusa inda ɗorawarki take na sa hannu na tona. Ƙasar ta yi ja ta ƙone kamar fasasshen kasko, na kai hanci ban ji ƙamshin komai ba. Garin neman gira na rasa ido. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'izarki.

Na ƙulla ƙasar a leda na kai ɗakin gwaji, ko zan ga abin da zai sanyaya mini rai. Ta inda aka ƙona gawayin kusan ba abin da ya tsiro a farantin gwaji. Ta gefe akwai 'yan kaɗan, amma me za su ci? Ganye ba zai sake faɗowa ba, rana na dukansu tun safe, awaki na cinye duk tohon da ya leƙo daga kututture. Ruwan da aka yi bayan nan ya fara zaizaye bakin ƙorama, yana tafiya da baƙar ƙasar da kika tattala.

Malam Abdu bai gaji ba, sai da ya haɗa mu a zaurensa. Na yi alwala na dafa Alƙur'ani na faɗi abin da na binne da dalilin binne shi. Na ce wanda ƙasa ta cinye, shaida ce wurin na da rai, wanda ya fito cif shi ne abin tsoro. Yaya Sada ya sunkuyar da kai. Sannan na ga kafaɗunsa na rawa, ƙaton mutum mai furfura yana kuka kamar yaro. Mun yafi juna, Inna, ta wannan gefen ki kwantar da hankalinki.

Amma da muka fito ya raka ni bakin hanya, sai ya tsaya yana kallon filin. Mutumin da ya shekara yana yi mini dariya ya tambaye ni a hankali, tunda ni na san aikin, damina nawa ƙasar za ta yi ta koma yadda take. Da gaske yake tambaya, kuma duk abin da na ce a ranar zai yarda. Na dubi furfurarsa, na tuna cewa ƙiryar da aka sare ta girmi Baba. Na ce masa Allah ne masani. Ya gyaɗa kai, ya ce zai fara tara toka da kashin awaki. Na kasa gaya masa cewa ni da shi ba za mu gani ba.

Ya Allah Ka jiƙan Inna Hajara, Ka yalwata kabarinta, Ka sa ƙasar da take kwance a ciki ta yi mata sanyi. Ka yafe mini, Ka yafe wa Sada. Kai ne mai rayar da ƙasa bayan mutuwarta, in Ka so Ka rayar da wannan ko don jikokinta. Amin.

Ki huta lafiya, Innata.

Ɗiyarki mai kewarki,
Murja