Na Saki Quiroga a Watan Afrilu

Erie, 23 ga Maris

Zuwa ga Yayana Kaz,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya sanyi, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Mama tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko safar da ta aika ta iso hannunka, ko kuwa masu gadin gidan yarin sun sake riƙe ta.

Wasiƙarka ta iso ranar Talata. Shafi huɗu, Yaya! Shekara guda da rabi ina rubuta maka kana ba ni layi biyu, sau uku na tuƙo mota na zo ziyara ka ƙi fitowa, sai da na ce Stosh mai aski zai ba wani kujerarka a gasar besbol ta takarda sannan ka tuna kana da ƙanwa. Ban ji haushi ba. To, na ji kaɗan. Amma in dai besbol ce za ta sa ka yi magana, zan koye ta ko da kaina zai fashe.

Na je zaɓen 'yan wasa ranar Asabar a bayan shagon Stosh. Dokar da Baba ya kafa tana nan: kujera ta gida ce muddin wani daga gidan ya zo da ƙafarsa. Stosh ya zaunar da ni yana mini bayani kamar 'yar firamare, wai kowa zai zaɓi 'yan wasansa daga cikin na gaske, abin da suka buga a fili shi ne makinsa. Na ce masa ya adana yawunsa, a gidan da ake faɗa kan wannan a teburin cin abinci na girma. Tsofaffin nan goma sha ɗaya suka yi ta dariya, wai direbar motar 'yan makaranta ta zo tuƙa musu ƙungiya.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Kawu Floyd yana kujerarsa ta kusa da taga, inda suka saba zama da Baba, kuma har aka tashi bai ɗago ya dube ni ba. Ban ga laifinsa ba. Na san ka ce kada in riƙa kawo maganar ranar da ka hau mota da giya a cikinka ka buge 'yarsa, amma sau ɗaya zan faɗa: Corinne ta ajiye keken guragu, yanzu da sanda ɗaya take tafiya. Na gan ta a coci.

Na bi takardarka layi-layi. Na riƙe maka Anselmo Quiroga, yaron nan naka da kake goyo tun yana ɗan shekara goma sha tara a ƙananan gasanni. Akwai wani Brandt Tolliver da ya tsallakar da ƙwallo katanga har sau bakwai a wasannin share fage, raina ya biya sosai, amma na tuna abin da ka rubuta: wai a watan Maris masu jifa gwaji kawai suke yi, rabin waɗanda ake karawa da su yara ne da za a mayar ƙauye, iskar Arizona kuma, inda ake wasannin, ko tsohuwa ta buga ƙwallo sai ta tashi. Na bar shi. Tsofaffin ma duk sun bar shi, kamar kun haɗa baki.

Ka ci gaba da rubutowa, ko da zagin zaɓina za ka yi.

Ƙanwarka,
Bernadette


Erie, 18 ga Afrilu

Yaya Kaz,

Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan jikinka ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙanƙara da ta sake sauka ranar Litinin bayan kowa ya ajiye shebur ɗinsa.

Yaya, yaron nan naka zai kashe ni. Sau arba'in da ɗaya ya tsaya bugu, huɗu kacal ya samu. Huɗu! Na gan shi a talabijin ya naɗe fuska da wuya da ƙyalle, idanu kawai a waje, yana karkarwa sai ka ce kazar da aka tsamo daga ruwa. Mu ne na ƙarshe a gasar. Stosh ya manna jerin a jikin madubinsa, duk wanda ya zo aski sai ya karanta sunan gidanmu a can ƙasa. Jiya na tsaya a danja da yara talatin a mota, wani daga cikin tsofaffin ya sauke gilashi yana tambayata ko Quiroga ya dawo daga hutu. Ban rama ba saboda yara, amma na haɗiye maganganu masu ɗaci.

Na karanta wasiƙarka ta biyu har sau uku. Ka ce kada in dubi abin da ya samu, in dubi yadda yake tsayuwa: ko yana kai wa mugun jifa duka, ko ƙwallon tana fita da ƙarfi tana faɗawa hannun masu tsaro, ko kuma kocinsa na ci gaba da sa shi kullum. Ka ce yaron ƙasar zafi ne, hannunsa ba ya sakewa sai rana ta fito. Ka ce ba a yanke wa ɗan wasa hukunci kafin ƙarshen watan Mayu. Duk na ji. Amma ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma wannan Larabar ba ta da fasali ko kaɗan.

Shi kuwa Tolliver ɗin da kuka raina, ya ƙara biyar a mako biyu, kuma har yau yana zaune babu mai shi. Kullum na buɗe jerin sai in ga sunansa yana kallona.

Abin da ke damuna shi ne wasiƙa kwana tara take yi kafin ta je ta dawo. Kafin ka ce mini e ko a'a, wani ya riga ya ɗauke. Ba na son ka fito ka tarar na mayar da kujerar Baba abin dariya a unguwa.

Mama ta yi pierogi, ƙullin fulawan nan mai dankali a ciki, ranar bikin Ista, ta ajiye faranti a wurin zamanka.

Taka,
Bernie


Erie, 9 ga Mayu

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kuma aikin ɗakin wankin da suka ba ka bai ƙara maka ciwon baya ba.

Wasiƙarka tana gabana. Tun rasuwar Baba ban ji ka cikin farin ciki irin wannan ba. Ka ce jaridar da ake kawo muku takan kwana biyu kafin ta iso, amma kai ne na farko a layi don ka ga abin da Quiroga ya yi. Ka ce sau shida ya tsallakar da ƙwallo katanga a kwana goma, har mutanen ɓangarenku sun fara kiran ka da sunansa, wani ma ya ba ka lemunsa don ka duba masa 'yan wasan ɗansa. Ka rubuta “ban faɗa miki ba?” ka ja masa layi uku.

Ka faɗa mini, Yaya. Ni ce ban ji ba.

Quiroga ba namu ba ne. Na sake shi ranar ashirin ga Afrilu, kwana biyu bayan na jefa maka wasiƙar da ta gabata, na ɗauki Tolliver a madadinsa. A wurin ajiye motoci na yi, a waya, tsakanin ɗaukar safe da ta rana, ko minti ɗaya bai ɗauke ni ba. Shekara huɗu kana goyon yaron nan, ni na sauke shi da babban yatsa ɗaya. Tolliver kuwa tun daga ranar masu jifa suka gano lagonsa, ba ya iya taɓa ƙwallo mai lanƙwasa, makon jiya aka mayar da shi ƙaramar gasa.

Na rubuta wannan takardar sau biyu na yaga. A ta farko ma ƙarya na shirya, na ce zan bar ka ka yi ta murnarka har Satumba tunda ba ka da hanyar ganin jerinmu. Sai na tuna ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma kai ne za ka faɗa ciki ba ni ba, a gaban mutanen da ke kiran ka da sunan yaron.

Saura guda, kuma ita ce mafi nauyi. Ko awa ɗaya Quiroga bai yi a sake ba aka ɗauke shi. Kawu Floyd ne ya ɗauka.

Ka zage ni yadda ka ga dama. Ka ce mini mai kunnen ƙashi, ka ce gaggawata ce ta sa ko shayi ban taɓa sha bai ƙona ni ba. Duk zan ɗauka. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka koma shirun nan naka. Tsoronsa nake ji fiye da komai.

Ƙanwarka mai neman gafara,
Bernie


Erie, 31 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Kaz,

Ina gaishe ka, ina kuma tambayar lafiyarka, duk da na san ba lallai in sami amsa ba. Mako uku ke nan. Na buga waya gidan yarin, suka ce lafiyarka ƙalau, kana cin abinci kana zuwa aiki. To, na gane. Mama na tambaya, na ce mata masu gadi ne ke riƙe wasiƙu, Allah ya yafe mini.

Ranar Lahadi bayan coci na je gidan Kawu Floyd. Sau biyu na wuce ƙofar ina zagayawa kafin na iya tsayawa. Na same shi a waje yana shafa wa ƙarfen dafawar da ya kafa wa Corinne a matakala fenti. Ya tsufa, Yaya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na gaishe shi ya amsa, bai ajiye burushin ba.

Ban yi kwana-kwana ba. Na ce na zo neman musaya, ya ɗauki duk ukun da yake so daga cikin 'yan wasanmu, har da mai jifan nan namu da kowa ke kwaɗayi, ya mayar mana da Quiroga. Na ce na san ciniki ne na wauta, Stosh zai yi shekara yana ba da labarinsa, ban damu ba.

Ya ci gaba da shafa fentinsa. Sannan ya ce shi ba don mugunta ya ɗauki yaron ba. Ya ce tun farkon Afrilu yake kallonsa, ya ga ba ya bin mugun jifa, ya ga ƙwallonsa tana fita kamar harsashi tana faɗawa hannun mutane, ya san rana kawai yake jira. Ya ce Baba ne ya koya masa kallon wannan, kuma a cikin su duka kai kaɗai ka gaji idon Baba. Da ya ga sunan a sake ya san ba hannunka ba ne. Har ya ɗan yi murmushi, ya ce tun ina ƙarama ba na iya jiran biskit ɗin da aka gasa ya huce.

Na ɗauka shi ke nan an gama. Sai ya sa burushin a gwangwani ya juyo ya dube ni, karo na farko cikin shekara biyu.

“Bernie, ba da ke zan yi ciniki ba. Ƙungiyar ba taki ba ce, riƙo aka ba ki. Dokar ubanku ce, musaya sai tsakanin masu ƙungiya, kowa da hannunsa. In yana son yaronsa, ya rubuto mini. Ni na riƙe shi a coci ranar da aka yi masa baftisma, kuma shekara biyu ina buɗe akwatin wasiƙun can ban ga ko layi ɗaya daga gare shi ba.”

Na buɗe baki zan kare ka, kamar yadda na saba. Zan ce kunya ce, zan ce lauya ne ya hana ka da farko. Kafin in fara, ƙofa ta motsa.

Ashe Corinne tana tsaye a bayan ƙofar raga tun ɗazu. Ta turo ta da sandarta ta fito, ta miƙo mini kofi. Ta tambayi Mama, ta tambayi yaran motata. Har na sauka matakala ta kira ni, ta ce, “Ki gaya wa Kaz ni ma na iya karatu.”

A mota na zauna na yi kuka har kofin ya huce a hannuna. Ba zan ce maka sun yafe ba, don ba su faɗa ba, kuma ban san abin da za su amsa maka ba. Wataƙila ya ƙi ba ka yaron. Wataƙila ta karanta ta yaga. Abin da na gani da idona kawai na faɗa maka.

Ba sai na rubuta maka adireshin ba, a ƙofar gidan ka koyi hawan keke. Ni kuma na yafe amsata. In takarda ɗaya ke gare ka a wannan makon, Yaya, kada ka ɓata ta a kaina.

Mama tana gaishe ka.

Ƙanwarka har kullum,
Bernadette