Riga Mai Dogon Hannu

Goggona,

Gaisuwa mai yawa. Yaya kasuwa, yaya ɗinki? Ga rigar makarantata na aiko, a ƙara rage min ƙugu, hannun kuma a sa dogo.

Ranar da kika gwada ni kin ga tabo a hannuna, na ce miki ƙaiƙayi ne. Ba ƙaiƙayi ba ne, Goggo. Ni nake yi wa kaina. Duk ranar da na ci na ƙoshi sai in ji na yi laifi, hankalina ba ya kwanciya sai na hukunta kaina. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Don Allah kada Baba ya ji.

Ki huta lafiya.
'Yarki

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ka san bakina ya fi keken ɗinkina gudu, amma yau a hankali zan taka.

Na tsufa ina awon mata. Mace na iya yi wa mijinta ƙarya, amma ba ta isa ta yi wa tef ɗin tela ba. Tun hutu nake rage wa 'yarka riga, abin da ya saura ko matashin kai ba zai rufe ba. Ta daina cin abinci, kuma tana ji wa kanta ciwo. Ta roƙe ni kada ka ji. Na auna, na ga ranta ya fi alkawarina nauyi.

Ka kai ta wurin likita cikin lallami, kamar kai ka lura. Kada ka ambace ni, ni kaɗai take faɗa wa. Mai saye in ya fara tayawa, ba a daka masa tsawa, guduwa yake yi.

Allah ya ƙara girma.
Ƙanwarka

Ƙanwata,

Saƙonki ya iso. Na je makarantar da kaina, na sa ta naɗe hannun riga a gaban shugabarsu. Ta tsaya tana musu, sai na karanta mata wasiƙarki. Ban tashi ba sai da ta cinye kwano biyu. Likitan me? Shagwaɓa ce. Mu da muka tashi muna faɗa kan lasar tukunya! Magana ta ƙare.

A gaida yara.
Yayanki

'Yata,

Ina gaishe ki, ko ba za ki amsa ba. Na sayar da amanarki, ko uwar kuɗi ban mayar ba. Ki zage ni son ranki, amma ki rubuto. Rigar ban rage ba, tana rataye kan keke, ina jiran ki cika ta.

Allah ya tsare min ke.
Goggonki

Goggo,

Ina gaisuwa. Na warke, ina cin abinci, kowa ya gani. Ki bar rigar. Akwai tela a bakin makaranta, ba ya gwada mutum, ba ya tambaya.

Ki huta lafiya.
'Yar yayanki